Horon Sanin Makamar Aiki a Gidan Jarida: Idan Ba a Ba Ki Aiki Ba, Me Za Ki Yi?

Wata ɗaliba da ke karatun aikin jarida a jami'a ta aiko da tambaya. Ta ce an tura ta horon sanin makamar aiki na wata shida a wani gidan jarida mai buga labarai da Hausa da Turanci, ga shi ta kusa cinye wata guda ba a ba ta wani aikin kirki ba, sai dai a miƙo mata sanarwa ta fassara ko kuma ta wuni a zaune tana kallon masu aiki. Ta ƙara da cewa ranar da ta bi wani wakili taron manema labarai, an ba ta ambulan da kuɗi a ciki, ta karɓa saboda ta ga kowa ya karɓa, amma zuciyarta ba ta natsu ba. Tana son sanin ko ta nemi a canja mata wuri, da kuma yadda za ta yi da irin wannan kuɗi nan gaba.

'Yata, kada ki yi gaggawar neman canjin wuri. Abin da kika gani a watanki na farko shi ne abin da akasarin ɗalibai ke gani a ɗakunan labarai na ƙasar nan, kuma in kin koma wata jaridar da wuya ki tarar da wani abu dabam. Akwai yanayin da canjin wuri ya zama dole, zan kuma zo kansa, amma zaman da kike yi ba ya cikinsu tukuna. Abin da ya kamata ki fara ganewa shi ne dalilin da ya sa aka bar ki a zaune, domin in kin gane shi za ki san ta inda za ki ɓullo wa lamarin.

Shirin da kike ciki, wanda ake kira SIWES, Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ne ya ƙirƙiro shi a 1973, shekara biyu bayan kafa asusun kansa a 1971. Dalilin ƙirƙiro shi kuwa shi ne koken da masu ɗaukar ma'aikata suke yi cewa ɗalibai na fitowa daga manyan makarantu da ilimin littafi, amma hannunsu bai taɓa aikin ba. A wajen jami'arki wannan horo darasi ne mai maki, yana da littafin da za ki riƙa cikewa, da malamin da zai zo duba ki, da rahoton da za ki kare a ƙarshe. A wajen gidan jaridar kuwa ba haka ba ne. Babu wata manhaja da aka rubuta wa editan labarai cewa a mako na farko ya koya miki kaza, a na biyu kaza, kuma babu wanda ake biya domin ya koyar da ke. An karɓe ki ne bisa kyautatawa, aka zuba ki cikin mutanen da kowannensu ke fama da agogo.

Ki ƙara da halin da jaridu ke ciki. Takardar da ake buga jarida da ita daga waje ake sayo ta, tun da kamfanin yin ta da ke Oku Iboku a Jihar Akwa Ibom ya daina aiki a shekarun 1990, saboda haka duk lokacin da Naira ta faɗi sai kuɗin bugawa ya tashi. Tallace-tallacen da a da ke riƙe jarida sun koma intanet da yawansu. Sakamakon haka shafuka sun ragu, ma'aikata sun ragu, mutum ɗaya yana yin aikin da a da mutum uku ke yi. Editan da kike ganin bai kula ki ba, wataƙila yana tace labari ashirin kafin magariba, ga wayar wakilai daga jihohi, ga masu kula da shafin intanet suna jiran a ba su abin da za su ɗora. Ba na faɗin wannan domin in wanke shi, domin koyar da na baya haƙƙi ne a kan duk wanda ya daɗe a wannan sana'a, kuma ina ganin sakaci ne babba a bar ɗaliba wata guda ba a tura ta ko'ina ba. Na faɗa ne domin ki san cewa ba raina ki aka yi ba, kuma jira ba zai canja komai ba.

A ɗakin labarai, aiki yana zuwa ga wanda ya zo da labari. Saboda haka ki fara da sanin yadda ranarsu take tafiya. Da safe ko da hantsi editoci kan zauna su duba jaridar da ta fito, su kwatanta ta da ta abokan hamayya, su tsara abin da za a bi a ranar. Daga azahar zuwa la'asar labarai ke shigowa, da yamma a tsara shafuka a rufe su, da dare a buga. Wanda ya je wa edita da magana ƙarfe biyar na yamma ba zai sami kunnensa ba, ko da kuwa maganar mai kyau ce. Ki zo da wuri, ki karanta jaridarku daga shafin farko zuwa na ƙarshe, ki leƙa abin da wasu suka buga, sannan ki same shi kafin zaman safe da shawarar labari ɗaya tak, a cikin jimla biyu: ga abin da na lura da shi, ga waɗanda zan tambaya, zan kawo kafin ƙarfe uku. Kada ki ce masa, “Ranka ya daɗe, ko akwai abin da zan yi?” domin wannan tambayar ƙarin aiki ce a gare shi, sai ya tsaya ya yi miki tunani. Idan ya ƙi shawarar farko, ki kawo wata gobe. Ba a cika yin mako biyu ana kawo wa edita shawara kullum bai ce a je a gwada ba.

Wuraren da ɗaliba za ta sami labari ba tare da an san ta ba suna da yawa, amma biyu sun fi: kotu da kasuwa. Ki nemi izinin bin wakilin kotu na kwana biyu ko uku, sannan ki fara zuwa kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci da kanki, domin zaman kotu a buɗe yake ga jama'a in ba alƙali ya ba da umarnin akasin haka ba. A can za ki koyi sauraro, da rubutu da sauri, da kuma tabbatar da suna da shekaru da laifin da ake tuhuma daga takardar ƙarar da 'yan sanda suka shigar, ta hannun magatakardan kotu ko mai gabatar da ƙara, maimakon dogaro da abin da kunnenki ya jiyo a cikin hayaniya.

Bari in nuna miki abin da yakan faru da labarin kotu na farko da ɗalibi ya rubuta. Yakan fara da cewa: “A jiya Talata da misalin ƙarfe goma na safe ne kotun majistare ta zauna ƙarƙashin jagorancin mai shari'a, inda bayan an karanto ƙararraki da dama aka kawo wani ɓarawo da ya saci babura uku.” Idan labarin ya fito daga hannun mai tacewa sai ki ga ya koma: “An gurfanar da wani matashi a gaban kotun majistare bisa zargin satar babura uku, ya kuma musanta zargin.” Ki dubi abin da aka yi. An jefar da ƙarfe goma da zaman kotu zuwa ƙasa, domin mai karatu ba su ya zo nema ba. An kawo abin da ya faru a jimlar farko. An cire kiran mutumin ɓarawo, domin sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar, kuma in aka wanke shi gobe yana iya maka jaridar a kotu kan ɓata suna. An kuma saka abin da shi wanda ake tuhuma ya ce, wanda ɗalibin ya manta da shi ɗungurungum, sannan a ƙasa za a faɗi ko an ba da beli da ranar da aka ɗage shari'ar.

Wannan kwatancen shi ne ainihin makarantar da kika je, kuma shi ne abin da nake so ki fi riƙewa daga amsar nan. Ki ajiye kwafin duk abin da kika miƙa kamar yadda kika rubuta shi, idan ya fito ki ɗora shi kusa da wanda aka buga, ki bi jimla bayan jimla ki ga abin da aka cire, da abin da aka ɗaga sama, da abin da aka ƙara. Inda kika gane dalili, ki rubuta shi a littafinki. Inda ba ki gane ba, ki jira lokacin da mai tacewar ya sarara ki tambaye shi wannan wurin kaɗai. Mai tace labarai da ba zai iya ba ki lacca ta awa ɗaya ba, zai iya gaya miki cikin minti biyu dalilin da ya sa ya goge sakin layinki na uku, kuma waɗannan mintuna biyun sun fi laccar amfani saboda a kan rubutunki aka yi su. Haka akasarin manyan wannan sana'a suka koya. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, a lokacin da babu sashen koyar da aikin jarida ko ɗaya a jami'o'in ƙasar nan, domin jami'o'in ma ba a kafa su ba.

Fassarar da ake ba ki kuma kada ki ɗauke ta aikin banza. Jaridun Hausa irin su Aminiya da Leadership Hausa, da sassan Hausa na kafafen intanet, wani babban kaso na aikinsu shi ne mayar da labarin da ya zo da Turanci zuwa Hausar da mai karatu zai fahimta a karatu ɗaya, kuma masu iya wannan da kyau ba su da yawa. Ki karanta sanarwar duka kafin ki rubuta kalma ɗaya, ki tambayi kanki mene ne labari a cikinta, domin sau da yawa jami'in hulɗa da jama'a yakan binne labarin a sakin layi na biyar bayan ya gama yabon maigidansa. Daga nan ki rufe takardar ki rubuta kamar kina ba wani labari, sannan ki koma ki tabbatar da sunaye da muƙamai da alƙaluma. A kan alƙaluma aka fi yin ɓarna: miliyan ta koma biliyan, dala ta koma Naira, adadin waɗanda suka jikkata ya shige cikin na waɗanda suka rasu. Ɗalibar da edita ya gane ba ta kuskuren lissafi, ita zai fara tunawa idan labari mai nauyi ya shigo.

Kasuwa kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Idan a Kano kike, ki je Dawanau ki tambayi farashin buhun masara da gero da wake daga bakin 'yan kasuwa uku ko huɗu, ki koma bayan mako biyu, ki tambayi dillalai da direbobi abin da ya sa ya hau ko ya sauka, ki kuma ji daga bakin mai saye da kwano. Kowane gari yana da tasa kasuwar, kuma labarin farashi ba ya rasa masu karatu.

Yanzu ga maganar ambulan, wadda ta fi ta farko nauyi. Zuciyarki da ba ta natsu ba ta faɗa miki gaskiya. Kundin ɗa'ar aikin jarida da Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Najeriya da Ƙungiyar Editoci da ta masu gidajen jaridu suka amince da shi a Ilorin a 1998 ya fito fili ya ce ɗan jarida ba zai nemi ko ya karɓi cin hanci ko wata kyauta domin ya buga labari ko ya danne shi ba. Za ki ji ana ce masa kuɗin mota, za ki kuma ji ana cewa kowa na karɓa, kuma gaskiya ne da yawa na karɓa, musamman inda albashi ba ya zuwa a kan lokaci ko ma ba ya zuwa gaba ɗaya. Ban raina wahalar waɗannan mutane ba, kuma babban alhakin yana kan masu gidajen jaridun da ke ba mutum katin shaida su sake shi ya nemi abincinsa da shi. Amma sanin dalilin abu bai mayar da shi daidai ba. Wanda ya ba ki ambulan ya rubuta sunanki da na jaridarki a takarda, gobe zai duba ya ga yadda kika rubuta, kuma ranar da aka sami labarin da ba zai yi masa daɗi ba zai kira ki da muryar wanda ke bin ki bashi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ya fi muni shi ne ke da kanki za ki fara sassauta rubutunki tun kafin ya kira, ba tare da kin lura ba.

Abin da ya wuce ya wuce, amma ki gaya wa wanda ke kula da ke a ofis cewa an ba ki kuɗi a wurin kaza, ki tambaye shi ƙa'idar gidan, domin wasu gidajen suna da rubutacciyar doka a kan haka. Nan gaba kuma ba sai kin yi wa kowa wa'azi ba, ba kuma sai kin kunyata wakilin da kika biyo ba. Yawanci bayan an tashi taro ake zagayawa da takardar rubuta suna, to, ki tattara kayanki ki fita da zarar kin gama tambayoyinki, in kuma an tare ki ki ce, “Na gode, ni ɗaliba ce, ba a yarda mu karɓa ba.” Domin ki iya tsayawa a kan wannan, ki tsara kuɗin motarki tun daga gida, ki yi magana da iyayenki a kai, kada ki sa alawus ɗin shirin a cikin lissafinki na yau da kullum saboda ɗan kaɗan ne kuma ba kowane wata ake ba da shi ba. Idan ofis ya aike ki wuri mai nisa, ba rashin kunya ba ne ki tambaya ko akwai kuɗin mota daga ofis.

Akwai wasu ƙa'idoji da ba za a jira ki koye su ta hanyar kuskure ba. Kundin ɗa'ar da na ambata ya hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba idan lamarin ya shafi fyaɗe ko wani babban laifi, ko shi aka yi wa, ko shaida ne, ko shi ake zargi. Wanda ya ba ki bayani a asirce ba a tona shi, ko ga ƙawarki. Duk wanda aka zarga a cikin labari sai an nemi jin ta bakinsa, in ya ƙi magana a rubuta cewa an neme shi. Abin da kika ji a zaman editoci ko kika gani a kwamfutar ofis ba na WhatsApp ba ne ko Facebook, kuma ki tuna cewa ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, sannan an sha kama 'yan jarida da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 saboda abin da suka wallafa. A ɗaya ɓangaren kuma doka ta ba ki makami: dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane mutum damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ki roƙi editanki ya bar ki ki rubuta irin wannan wasiƙa ko sau ɗaya kafin ki gama, domin ko ba a amsa ba kin koyi yadda ake yi, kuma ƙin amsawar ma abin rubutawa ne.

Kasancewarki mace zai kawo miki wasu abubuwa da ya kamata a faɗa a fili. Aikin jarida yana kai mutum dare, saboda haka ki daidaita da mai kula da ke tun yanzu a kan lokacin tashinki, ki kuma rama da zuwa da wuri. Kada ki yarda a killace ki a shafin girke-girke da kwalliya kawai saboda ke mace ce, in ba can zuciyarki take ba. Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta rasu a turmutsutsun Mina a 2015, ta yi editan Sunday Triumph a Kano, ta kuma yi editan New Nigerian a Kaduna, a zamanin da mata a ɗakin labarai na Arewa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Idan wani, a ofis ne ko a cikin waɗanda kike hira da su, ya fara neman ki same shi a otal ko a gida da dare, ko yana aiko miki da saƙon da bai dace ba, kada ki yi shiru don tsoron makinki. Ki ajiye saƙonnin, ki gaya wa wata babbar ma'aikaciya da kika yarda da ita, ki kuma sanar da jami'in shirin a jami'arku.

Littafin da aka ba ki ki riƙa cike shi kullum da abin da kika yi na gaskiya, a sa miki hannu duk mako, kada ki bari sai ana gobe malaminku zai zo ki zauna ki ƙirƙiro aikin wata uku. Ranar da ba ki yi komai ba sai karatu da kwatanta rubutu, ki rubuta abin da kika gano a kwatancen. Ki kuma tara duk labarin da ya fito da sunanki, na takarda ki yanke ki manna, na intanet ki adana adireshinsa da hotonsa, domin ranar neman aiki editan da zai ɗauke ki abin da zai fara cewa shi ne ki nuna masa abin da kika rubuta.

Canjin wuri yana zama dole a yanayi uku da na sani. Idan aka ci zarafinki ko aka matsa miki da neman lalata kuma shugabannin gidan suka ƙi ɗaukar mataki, ki bar wurin ba tare da jinkiri ba. Idan aka mayar da ke mai neman talla ko mai karɓo wa wani ambulan, nan ma ba horo kike yi ba. Haka kuma idan kin yi wata guda cur kina kawo shawarwari da rubutu, ba a buga ko ɗaya ba, ba a kuma gaya miki abin da ya hana ba, to gidan ba shi da abin da zai ba ki. A kowane hali kada ki tashi da kanki ki koma wani wuri, domin sunanki yana rubuce a ofishin ITF na yankin da kuma jami'arku a kan wannan gidan, kuma malamin da zai zo duba ki can zai nufa. Ki rubuta wa jami'in shirin na sashenku, ki bayyana dalili, ki samo takardar amincewa daga sabon wurin, sannan ki yi sallama da na farkon cikin mutunci, ki karɓi sa hannunsu a kan makonnin da kika yi a wurinsu kafin ki tafi.